Ina Zan Kai 'Yata Rabin Aji?

Tambaya: Anti, ƙosai nake soyawa a Tudun Wadan Zariya. 'Yata shekararta huɗu, kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfina. Gwamnati ba ta da rabin aji ne?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta saka ƙananan yara cikin lissafi. UBEC, wato hukumar tarayya mai kula da wannan ilimin, na ba jihohi tallafi, amma sai jiha ta ajiye nata kason tukuna. Jinkirin da wasu jihohi ke yi wajen ajiye kason nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa leƙa wani aji, yara maƙil kan tabarma, malama ɗaya tana koya musu ƙirge da marafan kwalba. Wallahi ta burge ni.

Gobe ki je firamaren unguwarku da takardar haihuwarta, ki nemi hedimasta.