Amsoshin Tambayoyinku: Injin Gurza Dutsen Zobe da Dutsen da Ya Kamata a Fara da Shi

Tambayoyin wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru, wato yanka dutse da gurza shi har samansa ya yi doro kamar rabin ƙwai, ƙasansa kuma a shafe, irin wanda maƙera ke ɗorawa a zoben azurfa. Turawa suna ce masa kabushon, daga wata kalmar Faransanci mai nufin kai. Mu a nan za mu riƙa cewa dutsen zobe.

Tambaya daga wani matashi a Bukuru: Malam, ma'aikaci ne ni, ina so in riƙa gurza duwatsu a ranakun hutu. Na ɗan tara kuɗi, na kuma ga wani injin Amurka mai faifai shida. In yi odarsa ne, ko akwai hanya mafi sauƙi?

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Injin da ka gani, irin su Genie na kamfanin Diamond Pacific ko CabKing, ba shi da aibu. Faifansa shida an jera su daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 80 da 220 na ƙarfe ne masu garin daimon, su ke cin dutse su fitar da siffa, sai 280, 600, 1200 da 3000 masu taushi da ke share zanen da na baya ya bari. Amma ba ka riga ka san ko hannunka da zuciyarka za su jure wannan aiki ba. Dutse ɗaya yakan zaunar da sabon shiga yini guda, kuma rabin lokacin a komawa baya yake tafiya.

Fara da gilashin taga mai kauri, da kwanon ruwa, da samfefa baƙa mai jure ruwa irin ta masu fentin mota, daga lamba 220 har zuwa 2000 ko 3000. Shimfiɗa ta a kan gilashin, jiƙa ta, ka yi ta juya dutsen kana lanƙwasa wuyan hannu. Kada ka raina wannan hanya. Masu yin duwatsun lantana na Ilori sun daɗe suna gurza jan dutsen da fatake Hausawa ke kai musu daga wajen Kirtashi a Nijar ta yau, a kan faffaɗan dutse da ruwa kawai, kuma sarakuna ne suka riƙa sa abin da suka yi. In ka gama duwatsu uku da hannu har yanzu kana ɗokin na huɗu, to ka cancanci inji.

Ko a lokacin ma, ga abin da za ka duba kafin ka biya. Wutar Amurka bolt 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 230. In ka jona injinsu kai tsaye, motar lantarkin da ke juya faifan ta ƙone. Ka nemi samfurin da aka yi wa ƙasashe masu 220 zuwa 240, domin ko ka sa taransifoma, bambancin bugun wutar, 60 a can 50 a nan, zai rage masa gudu da kashi ɗaya cikin shida. Sannan ka tambayi kuɗin faifan canji tun yanzu. Su ne ke cinyewa, musamman na 280, kuma a nan kuɗin wannan harka yake tafiya a hankali.

Ni a ganina hanya ta tsakiya ta fi dacewa da mai albashi. Sayi faifan daimon na kwance masu inci shida, saiti guda, ka sa mai walda da mai gyaran motar lantarki su haɗa maka tebur da mota mai juyi wajen 1400 a minti, da galan mai ɗigo da ruwa a kan faifan. Mota mai juyi kusan 2800 ta yi gudu da yawa, za ta watsar da ruwan ta zafafa dutsen. Yankan farko kuma injin yanka tayil mai ruwa zai yi maka, ko da yake bakinsa yana da kauri yana ɓarnar dutse. A yanka falle mai kaurin kamar milimita 6. Ka tabbata an haɗa wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, tunda hannunka cikin ruwa zai yini kusa da lantarki.

Abu biyu zan ƙara da suka fi inji muhimmanci. Kafin ka bar kowace lamba, shanya dutsen ka duba shi a haske, domin ruwa yana ɓoye zane. Wasu sukan shafe doron da alƙalamin maka, su gurza har tawadar ta ɓace duka, duk inda ta maƙale akwai kwari a wurin. Zanen da 220 ta bari, 1200 ba za ta taɓa cire shi ba, sai dai ta sa shi ya ƙara fitowa. Na biyu, ka ɗan karkatar da gefen dutsen zuwa ciki ta sama, domin maƙeri ya sami abin da bakin azurfa zai kama. Ƙyallin ƙarshe kuwa garin seriyom oksaid ke kawo shi, a dama shi da ruwa a shafa a kan fata. Guntuwar fata daga wajen dukawa ta isa.

Tambaya daga wata uwargida a Zariya: Maigidana ya shiga wannan harka, yana gurza duwatsu da garandar masu walda a tsakar gida. Ƙura fara takan rufe ko'ina, har kan tabarmar yara. Ya ce in saya masa takunkumi a kemis. Wane iri zan saya?

Hajiya, don Allah ki roƙe shi ya tsaya daga yau, tun kafin a yi maganar takunkumi. Mafi yawan duwatsun nan cike suke da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi. Ƙurarta mafi illa ita ce wadda ido ba ya gani, takan shiga can cikin huhu ta zauna, huhun ya yi tabo ya ƙandare. Likitoci suna kiran ciwon silikosis, ba ya warkewa, yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Takunkumin kemis na likitoci ba ya tare wannan ƙura. Maganinta ruwa ne: kada faifai ya taɓa dutse sai ruwa na zuba a kai. Garandar hannu kuwa ba a yi ta don aiki da ruwa ba, haɗa su hatsari ne, don haka a mayar da ita wajen ƙarfe.

In za ki sayi takunkumi, ki nemi mai alamar N95 ko FFP2 zuwa sama, wanda ke kama fuska ba tare da kafa ba, ki haɗa da tabarau na kariya. Taɓon da ke taruwa a kwano a kwashe shi yana ɗanye a binne, domin in ya bushe ya koma ƙura. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a sa tsintsiya. A raba wurin aikin da inda yara ke wasa. In kuma ya fara tari ko numfashinsa na yankewa, ya je asibiti ya faɗa wa likita irin aikin da yake yi.

Tambaya daga wani a Keffi: Ana kawo mana turmalin da akwamarin da tofaz daga ramuka. Wanne zan saya in koya da shi?

Ɗan'uwa, ko ɗaya. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, daimon ne a sama. Gilashi da bakin wuƙa suna wajen 5 da rabi, agat (wato aƙiƙ) da ɗan'uwansa jasfa suna kusa da 7, tofaz 8, safaya irin ta Mambila 9. Mai koyo yana bukatar dutse mai tauri daidai, marar tsaga, mai araha, wanda in ya lalace ba za a yi baƙin ciki ba. Wannan siffar agat ce da danginsa, waɗanda iyayenmu suka sani a cikin tsakiyar wuya. Tofaz yana da wata jijiya da yake rabewa a kanta sumul in ya ji bugu ko zafi, turmalin kuma sau da yawa cike yake da ƙananan tsagu. Mai garau a cikinsu ma ba a yi masa doro, fuska-fuska ake yanka shi, kuma wannan wani inji ne da wani ilmi dabam. Ka sayar da shi ga masu wannan aikin.

Nan gaba in hannunka ya faɗa, ka koma kan masu hazo da dillalai ke rainawa. Turmalin mai siraran zare a ciki, in an daidaita zaren da ƙasan dutsen, yakan fito da layin haske kamar idon kyanwa. Wata safayar kuma takan nuna tauraro mai ƙafa shida, kuma sai a doro ake ganinsa. Lokacin ciniki ka tafi da tocila da ruwa. Haska dutsen ta baya ka nemi tsaga. In ka ji maiƙo a jikinsa ka wanke shi da sabulu ka bari ya bushe, saboda mai yana ɓoye tsaga.

Tambaya daga wani Alhaji a Maraɗi: Na sayo duwatsun aƙiƙ a Madina, wasu ja, wasu shuɗi shar. Yaya zan gane na gaske kafin in kai wa maƙeri?

Ranka ya daɗe, aƙiƙ shi ne agat, kuma dutse ne mai shan rini. Masu aikinsa a Idar-Oberstein ta Jamus sun ƙware a rina shi tun ƙarni na 19, a Khambhat ta Indiya kuma gasa shi ake yi a tukwane domin jansa ya ƙara nuna. Gasa dutse tsohuwar al'ada ce, ba na ɗaukarta ha'inci. Shuɗi shar da ruwan hoda mai ƙarfi kuwa kusan kullum rini ne, ko da dutsen kansa na gaske ne. Duba tsagu da gefe, a nan rini ke taruwa ya fi duhu. Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne gilashi: za ka ga ƙananan kumfa a cikinsa da madubin ƙara girma, yana saurin ɗumi a tafin hannu, wani lokaci har da layin zubi a gefe. Goga bayan dutsen a jikin kwalba. Aƙiƙ zai zana kwalbar, gilashi kuwa zai zame ya wuce.