Tambaya da Amsa: Laftof ɗin Ɗalibi Idan Aljihu Ya Yi Sanyi

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, domin lokacin komawa makaranta ne. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su.

Wani uba daga Gusau ya rubuto: "'Yata ta samu gurbin karatun tattalin arziki a jami'a. Mai shago ya nuna mini laftof biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya sabuwa ce fil a kwali, Celeron, RAM 4GB. Ɗayar ta hannu ce, HP EliteBook, Core i5, RAM 8GB. Zuciyata ta fi kwanciya da sabuwar, don ba na son in sayi wahalar wani. Wacce zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya sanya wa karatun albarka. Tsoronka yana kan hanya, amma a wannan cinikin ni ta hannun zan nuna maka, da sharaɗin a gwada ta kafin a biya.

Kamfanonin kwamfuta kashi biyu suke ƙera kaya. Akwai na ma'aikatu da bankuna, irin su HP EliteBook da ProBook, da Lenovo ThinkPad, da Dell Latitude. Waɗannan an yi su ne don a buɗe a rufe kullum shekara da shekaru, jikinsu da ƙarfi, kuma an tsara su yadda mai gyara zai kwance ya sauya abin da ya lalace. Ma'aikatun Turai da Amurka sukan sauya su bayan 'yan shekaru, shi ne 'yan kasuwa ke kwaso su zuwa Computer Village a Ikeja, daga can su watsu zuwa Kano da Kaduna da Abuja. Kashi na biyu kuma na masu neman araha ne, kuma sabuwar da aka nuna maka daga can ƙasan wannan kashin take. Jikinta roba ce marar kauri, hinjinta kan saki da wuri, sannan a yawancinsu RAM ɗin, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, a manne yake da allon cikin kwamfutar, ba a iya ƙara shi. Da 4GB, ranar da yarinyar ta buɗe Chrome da shafuka bakwai, ga Word, ga wani littafin PDF, kwamfutar za ta fara jan ƙafa. Da yawan irin waɗannan masu araha ma'ajiyarsu eMMC ce, wato ƙarama marar sauri, mai 64GB, wadda Windows kaɗai ke cinye kaso mai tsoka a ciki. Mai karatun tattalin arziki kuwa ba za ta gama ba sai ta haɗu da Excel da SPSS, manhajar ƙididdiga, ko makamantansu. Araha dai ba ta ado.

Sai dai kada sunan EliteBook kaɗai ya rufe maka ido. Ka tambayi cikakkiyar lambar firosesarta, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfutar. Idan ka ga i5-8250U ko i5-8350U, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 8, ita ce zubinta, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. Daga zubi na 8 zuwa sama ake so. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai wani ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa a ɓangaren Intel, ban da 'yan ƙalilan. A ɓangaren AMD kuwa, ɗaya kamfanin da ke ƙera firosesa bayan Intel, ka nemi Ryzen 5 na jerin 3000 ko sama, ka huta. Masu shago sun iya ɗora Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta ta bayan gida, don haka ganin Windows 11 a fuska ba shaida ba ce. EliteBook 840 G5, da ThinkPad T480, da Latitude 5490, yawancinsu a wannan zangon suke, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu a kasuwanninmu.

In kuma ka nace sai sabuwa, to kada ta gaza RAM 8GB da ma'ajiya mai sauri ta SSD 256GB. Intel ta daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin laftof tun 2023, yanzu za ka ga N100 ko N200. Irin waɗannan, idan sun zo da 8GB da SSD, suna iya rubutu da karatu ba laifi. Ban faɗi farashi ba da gangan, domin kuɗin waɗannan kaya dala yake bi, abin da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin ka isa kasuwa.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Na samu Core i7 mai 1TB, kuma ta fi wata Core i5 mai 256GB araha. Abokaina sun ce in yi sauri kafin wani ya ɗauke."

Ƙanena, ja da baya kaɗan. Me ya sa i7 za ta fi i5 araha? Kusan kullum amsar ita ce tsufa. Ɗauki i7-6600U, wadda ta fito a 2015: ƙwayoyin aiki biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U ta 2017 huɗu gare ta, kuma a aikin yau da kullum takan bar waccan a baya. Lambar 7 da ke jikin sitika ba ta gaya maka komai ba sai ka san zubin.

Shi kuma 1TB ɗin nan, tambayi ko HDD ne ko SSD. A wannan farashin HDD ne, wato faifai mai juyawa da allura a kai. Shi ne ke sa mutum ya kunna kwamfuta ya tsaya yana kallon ta, kuma faɗuwa ɗaya daga kan gadon hostel tana iya tafiya da duk abin da ke ciki. SSD ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure jijjigar Keke Napep. Littattafan PDF da furojet ba za su cika 256GB ba har ka gama digiri. Abin da ke cika kwamfutar ɗalibai fina-finai ne, ni da kai mun sani. Ɗauki i5 ɗin idan zubinta na 8 ne ko sama.

Wata ɗaliba daga Kano ta ce: "Na tara kuɗin da ƙyar daga sayar da turaren wuta. Ban san komai a kan kwamfuta ba, ina tsoron a cuce ni a kasuwa. Me zan duba?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Abu na farko, kada ki je da gaggawa, kuma kada ki yarda a ce miki "ai ga ta nan tana aiki" a rufe. Ki samu wuri ki zauna da ita a shagon kamar rabin awa. Mai gaskiya ba zai hana ki ba. Idan akwai wani ɗan uwa da ya ɗan waye da kwamfuta, ku je tare, amma ko ke kaɗai za ki iya waɗannan.

Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, wani akwati mai suna Task Manager zai buɗe. Shiga Performance. A nan za ki ga ainihin lambar firosesa, da yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Abin da kika gani nan shi ne gaskiya, sitikar jiki kowa na iya liƙa ta.

Sai batir, wanda shi ne inda ta hannu ta fi ba da kunya. Buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport ki danna Enter. Zai nuna miki inda ya ajiye rahoto. A cikin rahoton akwai lambobi biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. Idan ta biyun ta kusa rabin ta farkon, batirin ya gaji, ko a sauya miki ko a rage kuɗi. Sannan ki cire caja ki kunna bidiyo, ki ga ko cajin yana sauka a hankali ko yana tsalle. Ki kuma duba wurin da ake goga yatsa: idan ya taso sama, batirin ƙarƙashinsa ya kumbura, ki bar ta.

Akwai wani abin da mutane ke mantawa. Tun da waɗannan kwamfutoci daga ma'aikatu suka fito, wasu na zuwa da kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kashe ta ki sake kunnawa, ki riƙa danna F10 idan HP ce, F2 idan Dell ce, F1 idan ThinkPad ce. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ko ya ce ba komai ba ne, ki ajiye masa kayansa. Ranar da kika tashi sake ɗora Windows za ki gane komai ne.

Ragowar masu sauƙi ne. Buɗe Notepad ki danna kowane harafi. Buɗe farin shafi ki cika fuskar da shi, ki duba ɗigo ko tabo. Soka filashi a kowace kafa. Haɗa ta da intanet ɗin wayarki, gwada kyamara da sifika. Buɗe murfin ki rufe sau da yawa ki ji ko hinjin yana ƙara. Ki lura da jerin haruffan ma, domin wadda ta fito daga Faransa AZERTY ce, wato haruffanta sun fara da A da Z maimakon Q da W da muka saba, ta Jamus kuma an musanya Y da Z. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ke rubutu da Faransanci AZERTY zai ma fi so, amma ke da za ki rubuta jarrabawa a kan QWERTY, gara hannunki ya saba da shi.

A ƙarshe ki karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin kwamfutar, da lambar siriyal ɗinta, da kwanakin garantin da kuka yi yarjejeniya a rubuce. Wannan takardar ce za ta tsaya miki idan wani ya taso daga baya ya ce kayan sata ne. Saboda haka ma kada ki sayi laftof a hannun wanda ya tare ki a bakin titi, komai arahar ta. Kuma kada ki ƙarar da kuɗin duka a kan kwamfutar. Ki bar na jaka mai soso da caja mai kyau, don cajar bogi da wutar janareta mai hawa da sauka su ne ke ƙona allon ciki. Idan kwamfutar na caji ta kafar USB-C, kamar T480, fawa banki mai ƙarfin wat 65 zai cece ki ranar da aka ɗauke wuta. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, don haka kada ki riƙa ɗora ta a kan katifa, kuma ki kai a hure ta lokaci-lokaci.

Wani mai shirin karatun injiniya ya tambaya: "Chromebook da tsohuwar MacBook suna araha. Za su yi mini?"

Chromebook ba za ta yi maka ba. An yi ta ne don aikin intanet, kuma manhajojin da za a buƙata a sashenku ba sa hawa kanta yadda ake so. MacBook kuma kayan gyaranta da tsada, SolidWorks, manhajar zanen injiniyoyi, ba ya aiki sai a Windows, sannan wasu na hannu na zuwa a kulle da asusun iCloud na mai ita na farko.

A ajin farko da na biyu, i5 zubi na 8 ko sama ta ishe ka lissafi da MATLAB da zanen AutoCAD na shimfiɗe. Ka dai zaɓi wadda ake iya ƙara wa RAM, irin T480 ko 840 G5 masu gurbi biyu, ka fara da 8GB, in hali ya yi ka kai 16GB. Idan aiki ya kai ga zane mai tudu da kwari, sai ka sayar ka cika ka nemi Dell Precision ko HP ZBook ta hannu. Kafin ka kashe ko sisi, je sashenku ka tambayi 'yan aji uku da aji huɗu waɗanne manhajoji malamansu ke sa su amfani da su.