Hukuncin Gyara Tsohon Asibitin Gari Da Kuɗin Zakka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinmu. Muna da wani ƙaramin asibiti da aka gina tun zamanin Turawa, shi kaɗai ne a gundumar. Yanzu rufin ɗakin haihuwa yana yoyo, famfo ya ƙafe, in an ɗauke wuta da dare sai da fitilar waya ake karɓar haihuwa, don babu kuɗin man janareta. 'Yan ƙungiya, galibinsu mazauna Kano da Abuja da Legas, sun ce mu haɗa zakkarmu ta bana mu yi gyara, ragowar mu riƙa sayen dizal. Wani dattijo kuma ya ce ginin Nasara ne, ba a zuba masa kuɗin ibada. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya.

Maganar dattijo ba ta da madogara. Da yawa daga cikin asibitoci da ɗakunan shan magani na wancan zamani En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ce ke riƙe da su, daga baitulmalin da ake cikawa da haraji da jangalin kakanninmu. Gumin talakawa ne ya gina su. Ko da ma mishan ne suka gina, yau Musulmi ne ke kwance a ciki, kuma addinin magini ba ya haramta amfani da gini.

Amma zakka ba ta halatta a sa ta a kwanon rufi, ko burtsatse, ko man janareta. Allah Ta'ala ya ƙayyade masu cin zakka gida takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, ya kuma buɗe ayar da lafazin iyakancewa. A littafin Mudawwana an ruwaito daga Imamu Malik cewa ba a gina masallaci da ita, ba a yi wa mamaci likkafani. Shaihu Halilu a Muhtasar ya ce ko ganuwar gari ba a ginawa da ita, alhali ganuwa tsaron rayukan jama'a ce. To ina ga asibiti?

Na san za a ce ai akwai "fi sabilillahi". Gaskiya ne Fakhrur Razi ya hakaito a tafsirinsa cewa wasu malamai sun faɗaɗa wannan gida zuwa dukkan ayyukan alheri, kuma wasu na zamani sun bi su. Ban gamsu da wannan ba. In da kowane alheri ya shiga ciki, da lissafa gida takwas ba shi da amfani. Sannan zakka haƙƙin fakiri ne da ake mallaka masa. Wutar janareta kuwa tana haska gadon attajiri kamar yadda take haska na talaka, har da ofishin akanta. Kun ga an ɗauki rabon fakiri an raba shi da waɗanda ba su da rabo.

Zakkarku tana da wurin shiga a asibitin nan, ta hannun majinyaci. Matar da za a yi wa tiyata mijinta ba shi da ko sisi, wanda aka rubuta wa magani ya naɗe takardar ya koma gida, wanda ya ci bashi don jinyar mahaifiyarsa, duk waɗannan fakirai ne ko mabarta, wato waɗanda bashi ya yi wa nauyi. A ba su kuɗin a hannu, ko su wakilta kwamitinku ya biya a madadinsu. Zakkar hatsi ma tana isa ga majinyata mabuƙata da masu jinyarsu. Ku da ke zaune a birane, asali a mazhabarmu ta Malikiyya a raba zakka inda ta wajaba, amma ya halatta a kai ta nesa idan mutanen can sun fi buƙata. Sai dai ku kiyayi dabarar a ba talaka zakka da sharaɗin ya mayar wa asusun asibiti. Wannan wayo ne, bai sauke farali ba.

Gyara da kuɗin gudanarwa kuwa, nauyin hukuma ne tun farko. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 an rushe tsarin En'e, asibitocin suka koma hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Ku rubuta takarda, ku ɗauki hakimi da ɗan majalisarku ku je ma'aikatar lafiya. Neman haƙƙi ne, ba roƙo ba.

Kafin su amsa, ku buɗe asusu na biyu na sadaka, daban da na zakka, kada a gauraya su ko a littafin ma'aji. Daga nan za a gyara rufi, a kuma taimaki majinyacin da ba Musulmi ba. Shawarata ita ce kada ku tsaya a karo-karo, domin gini sau ɗaya ake yi, amma mai da ruwa da albashin mai shara kullum ne, kuma nan ne ƙungiyoyi suke gajiya. Ku yi wakafi mai kawo kuɗi, kamar jerin shaguna a bakin asibiti ko gona, ribar ta tafi ga gudanarwa. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara bisa umarnin Annabi (SAW): a tsare asali, a yi sadaka da amfanin. Asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da irin wannan wakafi ya daɗe yana jinyar mutane kyauta. Ku rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu, ku naɗa amintaccen mai kula, ku kuma nemi izinin ma'aikata a rubuce kafin ku taɓa ginin, tunda na gwamnati ne. In kuɗin ya isa, sola ta fi muku dizal.

Wallahu a'alam.