Shafin yana da shuɗin maki, shi ke nan na gwamnati ne?

Tambaya: Malam, ƙanena ya ga sanarwar ɗaukar aiki a wani shafin X mai shuɗin maki da tambarin gwamnati. An ce a tura kuɗin fom kafin Juma'a. Na hana shi, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa, wai zan ja masa asara. Na yi kuskure ne?
Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Amsa: Hajiya, ba ki yi kuskure ba, kuɗinsa kika tsare masa.

Wannan shuɗin maki ya ishe ni, kullum sai an kawo mini ƙararsa. A da gaskiya ne, kamfanin kan tantance mutum kafin ya ba shi. Amma Elon Musk ya sayi Twitter, wanda yanzu ake kira X, a 2022, a watan Afrilun 2023 kuma aka fara cire tsofaffin makin. Yanzu na sayarwa ne, duk wata ka biya a liƙa maka. Ɗan damfara ma yana da katin banki, ai. Makin hukumomin gwamnati a X ruwan toka ne, na kamfanoni ruwan zinare. Shuɗin dai galibi yana nuna mai shafin ya biya kuɗi ne. Tambari kuwa, yaron da ke shagon buga katin biki zai ɗora miki shi kafin shayi ya huce. Abin takaici har masu digiri nake ji suna cewa “ai an tantance shi”. Wa ya tantance?

Gwamnati ma da nata laifin. Ta saba wa mutane da jin babban labari daga shafin wani hadimi cikin dare, shafin ma'aikatar kuma an manta da shi. A watan Yunin 2021 da aka dakatar da Twitter a Najeriya, a Twitter ɗin ma'aikatar yaɗa labarai ta sanar! Yaya talaka zai gane ƙofar gaskiya?

Ki ce masa ya buɗe shafin intanet na hukumar da aka ce tana ɗaukar aikin da kansa, wanda ya ƙare da .gov.ng, kada ya latsa abin da aka turo masa. Ya kuma duba sunan asusun da aka ba shi. Tun 2015 kuɗin gwamnatin tarayya Asusun Bai-ɗaya (TSA), wato asusun gwamnati da ke Babban Bankin Najeriya, suke shiga, ba asusun wani mutum ba.

Ku kuma masu tura irin wannan a zauren WhatsApp na dangi kuna cewa “a taimaka a yaɗa”, ku ji tsoron Allah. Wanda aka cuta ta hannunku, da ku zai tsaya gobe ƙiyama.