Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan harbin faifan laka

Wa'alaikumus salam ƙanena. Duk abin da ka lissafa na sha shi: faifan da ke gilmawa ta gefe yana kuɓuce maka a gasa, kuɗin harsashi na cinye ɗan abin da kake tarawa, ga karatu ya kusa ƙarewa kana tunanin yadda za ka ci gaba in ka dawo Sakkwato. Ni ma can Ingila na koya lokacin karatu, kuma har gobe ban ga abin da ke wanke min kai kamar in ce "pul", na'ura ta cillo faifan laka daga bayan itace, in ga ya tashi ƙura ba.

Faifan gefe, kusan kullum bayansa kake harbi. Kana kallon bakin bindiga don ka auna tazara, da ka kalle shi hannunka ya tsaya, faifai kuwa bai jira ka ba. Kafa idonka a goshin faifan, kuncinka manne da gindin bindiga, ka ja kunama hannunka na tafiya, kar ka tsaya ko bayan ta tashi. Tambayi kowane tsohon maharbi a ƙauyukanmu yadda yake samun fakara ta tashi, zai ce maka inda za ta ake harbi. Sannan ka duba idonka. Buɗe duka biyu ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Wanda yatsan bai gusa da shi ba shi ne mai rinjaye. In kana ɗora bindiga a kafaɗar dama alhali na hagu ke rinjaye, ko ka ƙona kwali goma banza ne.

Amma maganar dawowa gida ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Don Allah kar ka ɗora hotonka da bindiga a WhatsApp ko Facebook. Ni hoto ɗaya ne, ranar da na fara fasa fiye da rabin faifai ɗari a gasa, bindigar ma a karye take, wato a buɗe, bisa kafaɗata, ga abin toshe kunne, ga tabarau, ga Turawa tsaye bayana. Wani ɗan'uwana na jini, wanda muka ci tuwo kwano ɗaya, ya yanke hoton ya bar ni da bindiga kawai, ya shiga yawo da shi. Ka san halin da ake ciki, mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah na kwana da fargaba, kowa zuciyarsa a tsaye. Lokacin ina neman aure. Da iyayen yarinyar suka fito bincike, gare shi aka tura su, shi kuwa ya ce ai tun daga waje yaron nan ya koyo harbi, Allah kaɗai ya san wa yake yi wa aiki. Aka maido da kayan da muka kai. Baffana ne ya karɓa, ya shigo ya ajiye gaban mahaifina bai ce uffan ba. Tsohon nan bai yi min faɗa ba, ya dai daina fita majalisarsu bayan la'asar na tsawon lokaci, kuma wannan ya fi min duka ciwo. Shi wancan ɗan'uwan nawa har yau muna haɗuwa wurin ɗaurin aure da jana'iza, ya miƙo hannu yana murmushi. Bai taɓa cewa in yafe masa ba. Ina karɓar hannun saboda zumunci, amma wallahi zuciyata ba ta sake ba. Mutumin da ya san ko kaza ban iya yankawa sai an riƙe min!

Bari in koma kan harsashi. Kwali ɗaya guda 25 ne, gasar faifai 100 kuwa kwali huɗu, ban da kuɗin shiga. Kar ka riƙa zagaye tashoshi, wato wuraren tsayawa a yi harbi, duka ranar atisaye. Zaɓi faifai ɗaya da ke ba ka wahala ka tsaya kansa. Harsashi mai giram 28 ya isa, shi ne ma iyakar da FITASC, hukumar duniya mai kula da irin wasanmu, ta yarda, kuma in kafaɗa na ciwo sauka zuwa 24. Kar wani ya ruɗe ka da canza cok, abin da ke tsuke bakin bindiga, kowace tasha, ko ya ce sai ka sayi bindiga mai tsada irin Perazzi ko Krieghoff. Beretta ko Browning ta haya a kulob ta ishe ka, muddin ta zauna maka daidai a kafaɗa.

Kuma kar ka ko yi tunanin shigo da bindiga ko harsashi cikin kaya. Ko kwanson da aka harba ka duba aljihun rigarka kafin ka nufi filin jirgi. Dokar makamai ta 1959 na nan: bindiga mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, mai famfo ma ba ta cikin wannan rukunin, kuma a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya san hanya, guje shi. Ni tun da na dawo ban taɓa harba ko ɗaya a ƙasar Sakkwato ba. Tarawa nake, in tafiyar aiki ta kai ni inda ke da filin harbi na halal in shiga gasa. A gida sanda nake ɗagawa cikin ɗaki ina bin layin da bango ya haɗu da silin, don hannu kar ya manta. Ƙofa a rufe.

Ka zaunar da Baba tun kafin ka dawo, ka nuna masa bidiyo da kanka. Tiraf da sikit, wasu nau'o'in harbin faifai, suna cikin Olamfik, irin namu ne ba ya ciki, amma duk dangi ɗaya ne. Nuna masa Ahmed Al Maktoum na Dubai da ya ci zinare a Atens a 2004, da Nasser Al-Attiyah na Ƙatar da ya ci tagulla a Landan a 2012. Dattijai in suka ga Musulmi ɗan'uwansu an rataya masa lambar yabo, hankalinsu ya fi kwanciya. In akwai wadda kake nema, ita ma da waliyyinta su ji daga bakinka.

Ba ka ambaci zomo ba, faifan nan mai kauri da ake gangarowa a ƙasa, amma zai same ka. Shi mutane sun fi harbin samansa ko gabansa da yawa, don ƙurar da yake tayarwa na sa a ga kamar ya fi gudu. Nufi ƙasansa, ka bar shi in ya yi tsalle sai ya sauka. Faɗa min idon da ya rinjaya da kafaɗar da kake ɗorawa, sai mu san inda za a fara gyara.