Tambaya da Amsa: An ce mu zama cikakku, ni kuwa na tauye mudu

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Sumaila ta jihar Kano, da rani kuma ina awon gero da dawa a kasuwarmu. Shekara 11 ke nan da aka yi mini baftisma. A bazarar da ta wuce, da hatsi ya yi tsada, bashin taki kuma ya sha mini kai, sai na riƙa saye da babban kwano ina sayarwa da wani wanda aka buga gindinsa. Na tuba na bari, amma bayan mako uku na koma ruwa. Ran nan mai bishararmu ya karanta Matiyu 5:48, inda Ubangiji ya ce mu zama cikakku kamar yadda Ubanmu na Sama yake cikakke, kuma tun daga ranar ban ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kansu a ikkilisiya don tunawa da mutuwar Almasihu. Shin mutum yana iya cika a duniyar nan? Idan ba zai iya ba, don me aka umarce shi? Idan kuwa zai iya, ni ina matsayina?

Daga wani mai karatu, Sumaila.

AMSA: Ɗan'uwa, na gode da ka rubuto, na kuma gode wa Allah da zuciyarka ba ta bar ka ka yi barci a kan wannan al'amari ba. Bari mu fara da ayar da ta tsorata ka, domin ina ganin an karanta maka ita ita kaɗai, alhali kuwa ƙarshen wata doguwar magana ce. Idan ka koma aya ta 43 za ka tarar Yesu yana magana a kan ƙaunar maƙiyi, kuma misalin da ya kawo na manomi ne irinka: Allah yana fito da ranarsa a kan miyagu da nagari, yana sako ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. Kai shaida ne cewa idan hadari ya taso daga gabas, ba ya tsallake gonar wanda ya ci iyakar maƙwabcinsa. Kalmar Helenanci da aka fassara mana da cikakke ita ce teleyos, wato abin da ya kai inda aka nufa da shi, kamar dawar da ta nuna ta isa yanka. Luka 6:36 ya kawo wannan koyarwa da kalmar jinƙai. Saboda haka cikar da ake nema a gare mu ita ce ƙauna wadda ba ta da mudu biyu, ɗaya na ɗan gida, ɗaya na bare. Ka ga ke nan ayar ta zo har kan tabarmar awonka.

Tambayar ko mutum yana iya kaiwa can a duniyar nan tsohuwa ce, kuma an yi babbar muhawararta a nahiyarmu ta Afirka. A farkon ƙarni na biyar wani malami ɗan Birtaniya mai suna Felajiyus ya koyar a birnin Rum cewa tun da Allah ya yi umarni, lalle mutum yana da ikon cikawa idan ya ɗaura niyya. Agustin, bishof na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya amsa masa cewa zunubi ya raunana nufin ɗan Adam tun daga tushe, don haka ba tare da alherin Allah ba, ko son nagarta ba ya ɗorewa a cikinsa. A shekara ta 418 majalisar bishof-bishof da ta zauna a Kartej, kusa da birnin Tunis na yanzu, ta ƙi koyarwar Felajiyus, ta kuma tabbatar da wani abu da ya shafe ka kai tsaye: cewa idan tsarkaka suka yi Addu'ar Ubangiji suna roƙon a gafarta musu laifofinsu, gaskiya suke faɗa a kan kansu, ba tawali'un baki suke yi ba. A ƙarni na 16 Martin Luta, malamin ikkilisiya na Jamus, ya ce mai bi barataccen mutum ne, wato wanda Allah ya karɓa a matsayin mai adalci, kuma mai zunubi a lokaci guda. Jon Wesli, mai wa'azi na Ingila, wanda ya rasu a 1791, ya ji tsoron kada wannan ya zama mafakar malalata, sai ya koyar cewa Allah yana iya cika zuciyar mutum da ƙauna tun yana raye, ko da yake shi ma ya yarda cewa kuskure da rashin sani ba sa rabuwa da ɗan Adam, kuma wanda ya kai wannan matsayi yana iya faɗuwa daga gare shi.

A nawa ganin, Agustin ya fi sanin zuciyar mutum, amma damuwar Wesli tana kan hanya, kuma ikkilisiyoyinmu na karkara suna bukatar su ji ta. Manzo Bulus da kansa ya ce a Filibiyawa 3:12 bai riga ya kai ba, bai kuma zama cikakke ba, sai dai yana nacewa gaba. 1 Yahaya 1:8 ya ce wanda ya ce ba shi da zunubi yana ruɗin kansa ne. To, don me aka yi umarnin? Domin manomi yana duban wata bishiya a ƙarshen gona ya ja kunyarsa ta miƙe, kuma da zarar ya daina dubanta sai kunya ta karkace. Idan aka rage umarnin ya dawo daidai ƙarfinmu, kowa zai yanka wa kansa nagarta daidai son ransa, sa'an nan babu mai jin bukatar Mai Ceto.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, kuma ina roƙonka ka ji ta daga bakin wanda yake ƙaunarka. Ba rashin cika ne ya hana ka Jibin Ubangiji ba, domin da haka ne da teburin ya zauna babu kowa. Abin da ke tsakaninka da teburin shi ne hatsin mutane da ke hannunka. Maimaitawar Shari'a 25:14 ta hana mutum ya ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Lura da cewa ajiyewar ma aka hana, tun kafin a kai ga awo. Ina kyautata zaton ka koma ruwa bayan mako uku ne saboda ka tuba da baki amma ka bar kwanon a rataye, bashin taki kuma yana nan yana jiranka. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne yawancin masu saye a hannunka, suna da sura sukutum a Alƙur'ani da ta fara da kashedi ga masu tauye awo, don haka sun san nauyin laifin sarai, kuma ranar da asiri ya tonu sunan Almasihu ne zai sha zargi a bakin kasuwa kafin naka.

Ka dubi Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba, wannan shi ne alheri. Amma da alherin ya shiga, sai Zakka ya miƙe ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Matiyu 5:23 da 24 kuma sun ce idan kana miƙa baiko ga Allah ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna.

Saboda haka ka fasa kwanon nan yau, kada ka sayar wa wani, kada ka ba yara su yi wasa da shi. Ka zauna da mai bishararku ko wani dattijon ikkilisiya mai riƙon asiri ka faɗa masa kome, har da adadin bashin, domin 'yan'uwa su duba yadda za a taimake ka ka biya shi a kaka. Waɗanda ka sani cikin masu sayenka, musamman matan da ke sayen tiya ɗaya ko biyu don tuwon dare, ka lissafa gwargwadon abin da ka rage musu ka kai musu har gida, ka kuma faɗa musu dalili, ko da kunya za ta kama ka. Waɗanda ba za ka iya ganowa ba, ka auna kimanin haƙƙinsu ka kai wa gwauraye da marayun ƙauyenku ba tare da duban addininsu ba. Idan ka soma wannan, ko da ba ka gama biya ba, ka gwada kanka kamar yadda 1 Korantiyawa 11:28 ta ce, sa'an nan ka koma teburin Ubangiji ka ci. Ka sake rubuto mini bayan girbi in ji inda aka kwana game da bashin takin.