Amsa ga mai tambaya kan 16 Horsepower: su waye, kuma daga wane faifai za ka fara

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na dakata ko wani zai riga ni, sai na ji zauren shiru. Ka ce ka ci karo da wata waƙa mai suna Black Soul Choir, banjo na sukuwa kamar doki ya ga fili, mai waƙar kuma yana jan murya kamar mai wa'azin da kuka ya kusa ci masa. Aka ce maka 16 Horsepower ne, kiɗansu kuma wai shi ake kira gothic country. Kana son sanin su waye, waƙar coci suke yi ko ta masu bautar shaiɗan, sannan wane faifai ya kamata ka fara nema. Na kai shekara ashirin ina sauraren mutanen nan, don haka gyara zama.

A Jamus na fara jin su, lokacin da nake aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya. Akwai wani dattijon Bajamushe da muke lodi tare, yana da wata tsohuwar rediyo mai cin faifai da yake ɗorawa a kan kwali. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare, sanyi ya kama yatsu, kowa ya yi tsit, sai ya saka wani faifai. Abin da ya fara fitowa gurnanin jitar bas ne mai kauri, har kwalin yana rawa, ganga ta biyo baya, sannan murya ta faɗo a kai. Na ajiye abin da ke hannuna na tambaye shi wane ne wannan. Ya miƙo mini kwanson faifan, gefensa a fashe an ɗaure da salatif. Secret South ne, waƙar kuma Clogger. Da gari ya waye ya ce in tafi da shi gida in dawo masa da shi bayan mako guda. Sai da ya yi wata biyu a wurina.

Bari in fara da sunan kiɗan. Country kiɗan karkarar Amurka ne, na manoma da makiyaya da masu haƙar kwal. Da kasuwa ta shige shi a birnin Nashville, aka goge shi ya yi sumul, sai wasu matasa da suka taso cikin kiɗan fank da rok suka koma ga tsohon salon suna yi da zafinsu, aka kira wannan alternative country. Kalmar gothic kuwa daga ginin tsofaffin majami'un Turai ta samo asali, daga baya ta koma sunan labaran da suka shafi kaburbura, kufai, laifin da aka binne da alhakin da ke bin zuri'a. Idan ka haɗa biyun, ka samu kiɗan ƙauye da ke magana kan mutuwa, zunubi da ranar hisabi. Birnin Denver na jihar Colorado ya yi suna a wannan fanni, har ana cewa "sautin Denver", kuma 16 Horsepower ne suka fi kai shi nesa.

Jigon tafiyar shi ne David Eugene Edwards, haifaffen Colorado a 1968. Kakansa mai wa'azi ne a cocin Nazarene, kuma tun yana yaro yake bin sa garuruwa yana jin wa'azin wuta da aljanna. Ka riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin komai. Da ya girma ya faɗa sauraren Joy Division da The Gun Club da Nick Cave, ya kuma yi kiɗa a wata ƙungiya mai suna The Denver Gentlemen tare da Jeffrey-Paul Norlander da Slim Cessna, wanda shi ma daga baya ya kafa tasa ƙungiyar. A Los Angeles ya haɗu da Faransawa biyu, Pascal Humbert da Jean-Yves Tola, suna aikin kafinta na haɗa dandalin fim a kamfanin Roger Corman. A 1992 suka kafa ƙungiya da sunan Horsepower. Da ya koma Denver, Tola mai ganga ya bi shi, Humbert ya tsaya, Keven Soll ya karɓi bas. Lambar 16 da suka ƙara a sunan daga wata tsohuwar waƙar gargajiya ta fito, inda dawakai goma sha shida ke jan akwatin gawa zuwa maƙabarta. Tun daga sunan ka san inda aka dosa.

Sun fara da ƙaramin faifai, Shametown, a 1994. Kamfanin A&M ya ɗauke su, suka fitar da gajeren faifai mai sunan ƙungiyar a 1995, sannan cikakken na farko, Sackcloth 'n' Ashes, a 1996. A Memphis aka naɗe shi, Gordon Gano na Violent Femmes ya goga musu goge a ciki. Ma'anar sunan tsumma da toka, irin shigar da masu tuba da masu makoki ke yi a cikin Baibul. A nan waƙar da ka ji take. Abin da take faɗi shi ne babu ɗan Adam da ya kuɓuta daga sharri da ƙarya, kuma mai waƙar bai cire kansa daga lissafin ba.

To, ga amsar tambayarka ta biyu. Edwards Kirista ne na gaske, bai taɓa ɓoyewa ba, ko a gaban 'yan jarida ko a gaban mashaya. Amma ba za ka ji waƙoƙinsa a coci ranar Lahadi ba, domin babu lallashi a cikinsu. Mutum ne da ya gaskata akwai hisabi, ya duba zuciyarsa ya ga abin da ke ciki, tsoro ya kama shi. Ni Musulmi ne, aƙidarsa daban tawa daban, kuma akwai baitocinsa da ba zan bi shi ina rerawa ba. Sai dai duk wanda ya taso yana jin waƙoƙin wa'azi na tuna mutuwa, irin waɗanda ke lissafa kwanan kabari da tambayar mala'iku har jikinka ya yi sanyi, zai gane wannan tsoron da zarar ya ji shi. Na saurari ƙungiyoyi da dama da suka biyo bayansu da baƙaƙen huluna da zancen igiyar rataya da shaiɗan a mararraba. Wasu sun iya kiɗa ƙwarai, amma kana ji ka san riga ce aka saka, in an sauka daga dandali za a tuɓe. Shi wannan ba ya tuɓewa. Abin da ya sa na daɗe tare da su ke nan.

Nemi bidiyon da suke American Wheeze a gaban jama'a, ka kalla da kyau. Zai zauna a kan doguwar kujera, ya ɗora wani tsohon akwatin kiɗa a gwiwa, mai maɓallai a gefe biyu da zugazugi a tsakiya kamar na maƙera. Chemnitzer ake kiran irinsa, Jamusawa suka ƙirƙiro shi, ɗan'uwan bandoniyon ne. In ya ja shi ya buɗe, kana jin iskar tana shiga kamar numfashin tsoho mai ciwon ƙirji, kana jin ƙwas-ƙwas ɗin maɓallan ƙarƙashin yatsunsa. Idanunsa su juye sama, ƙafarsa na dukan ƙasa, wuyansa ya miƙe zuwa makirufo. Tola a bayansa yana buga ganga a taƙaice, ba ƙari ba ragi, kamar mai sassaƙa turmi. Mutane kan manta da Tola, alhali shi ke riƙe da linzamin, in ba shi ba dokin nan da tuni ya kā da mahayinsa.

Wata 'yar magana a gefe game da banjo, tunda shi ya fara jan kunnenka. Ba banza ya yi maka kama da na gida ba. Asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kwasa suka ƙera shi a nahiyar Amurka da ƙwarya da fata, kuma masana kan danganta shi da akonting na Jolawan Senegal da Gambiya. Ka dubi gurmi, ka dubi tsohon banjo, za ka ga dangi ne. Daga baya ne ya zama abin da ake ɗauka na Turawan tsaunukan Appalachia.

Faifai na biyu, Low Estate, ya fito a Turai a 1997, a Amurka kuma 1998. John Parish, abokin aikin PJ Harvey, shi ya tsara shi, aka naɗa a Louisiana. Humbert ya dawo, Norlander ya shigo da goge. Ya fi na farko nauyi da faɗi, kuma For Heaven's Sake na ciki waƙa ce da ba a wuce ta. Duk da haka ni ina ganin ya ɗan yi tsawo, akwai waƙoƙi biyu ko uku da ba su ƙara masa komai ba. Akwai bugun Faransa da mawaƙin ƙasar, Bertrand Cantat, ya sa murya, har da Fire Spirit ta The Gun Club. Ana cikin haka sai guguwar haɗewar manyan kamfanoni ta ci A&M, su kuma suka tsinci kansu ba kamfani.

A wurina wannan korar ta zama alheri. Glitterhouse, wani ƙaramin kamfani a garin Beverungen na Jamus, ya karɓe su, domin dama sun fi samun masoya a Jamus da Holan da Faransa fiye da ƙasarsu. Suka tattara kayan aiki suka shige wani gidan katako a Blue River cikin tsaunukan Colorado, Steve Taylor ya zo da jita, suka fito da Secret South a 2000. Waƙa goma sha ɗaya ne, kuma babu wadda zan cire. Bayan Clogger ta gama girgiza ka, sai su sauke ka kan Wayfaring Stranger, tsohuwar waƙar matafiyin da ke hangen gida bayan mutuwa, banjo da murya kamar daga cikin rijiya. Cinder Alley ta fara a hankali da goge sannan ta fashe. Splinters tana zuwa kamar hadarin gabas, ka ga duhu ya taso kafin iska ta iso. Sannan ga Nobody 'Cept You ta Bob Dylan, wadda suka mayar tamkar addu'a. A faifan farko Edwards yana nuna jama'a da yatsa yana ihu. A wannan ya rage ihun, ya fi yin magana da Ubangijinsa, har ana jin taushi a wasu wurare. Mutumin ya girma, kiɗan ma ya samu wurin numfashi.

Saboda haka shawarata ka fara da Secret South. Na san mafi yawa za su ce maka Sackcloth, tunda shi ya fi suna kuma kana da waƙa ɗaya a ciki da ka riga ka so. Ba laifi, faifai ne mai kyau. Amma zafinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wanda bai saba ba yakan gaji a tsakiya ya ɗauka ya gama sanin su. Na ba mutum uku shi a matsayin farko, biyu ba su dawo ba. Waɗanda na fara ba Secret South kuwa su da kansu suka zo neman saura.

Bayan shi sai Hoarse, wanda aka naɗa a wuraren wasa, inda za ka ji yadda suke a gaban mutane, har da Day of the Lords ta Joy Division da Bad Moon Rising ta Creedence, wadda suka rage wa gudu har ta koma gargaɗi na gaske.

Folklore na 2002 shi ne na ƙarshe da suka naɗa a sitidiyo, kuma shi na fi komawa gare shi yanzu da shekaru suka ja. Su uku kawai suka rage, Edwards da Humbert da Tola. Cikin waƙa goma, huɗu ne nasu, sauran na aro: Alone and Forsaken ta Hank Williams, Single Girl da aka sani daga Carter Family, wata ta gargajiyar Hungary, wata ta mutanen Tuva na kudancin Siberiya, wata da Faransanci. Kusan babu hayaniya a cikinsa. Kada ka saka shi a mota ko cikin mutane, ba za ka ji komai ba. Bari dare ya raba, ka kashe fitila, ka saka abin kunne, ka fara daga Hutterite Mile. Akwai daren da aka yi mini rasuwa a gida ina can nesa, ban samu jana'iza ba. Bayan na yi abin da zan iya na addu'a, barci ya ƙi zuwa, wannan faifan na saka a hankali har aka kusa asuba.

Tun 2001 Edwards ya fara wani aikin nasa da sunan Woven Hand, faifan farko ya fito a 2002, su Humbert da Tola kuma suna da tasu mai suna Lilium. A 2003 aka fitar da Olden, tarin naɗe-naɗensu na 1993 da 1994. A watan Afrilun 2005 suka sanar da rabuwa, suka ce saɓanin siyasa da na addini ne ya fi yawa a dalilan. Na ji zafin labarin, amma ban yi mamaki ba. Ka yi shekara goma sha uku kana buga wa mutum ganga yana wa'azin abin da shi ya gaskata har ɓargo, dole wata rana a zauna a yi maganar. Abin da ya ba kiɗan ƙarfi shi ya yi musu nauyi. Ba su zama abokan gaba ba, domin Humbert ya koma ya yi shekaru yana buga bas a Woven Hand.

Daga baya an fitar da Live March 2001 a 2008, da tarin zaɓaɓɓu mai suna Yours Truly a 2011. Wannan na biyun kada ka fara da shi, zai sa ka tsinci waƙoƙin ɗai-ɗai ka rasa yadda aka jera su. Olden kuma ka bar shi sai ƙarshe, bayan ka san waƙoƙin da kyau, sannan za ka ji daɗin jin su tun suna ɗanye. In ka gama da Secret South ka dawo nan ka gaya mini wadda ta fi kama ka tsakanin Cinder Alley da Splinters, daga nan zan san ko Folklore zan tura ka ko Low Estate.